Mazaunin Ƙararrawar Inna

Ni ba kafinta ba ne. Aikin lissafin kuɗi na yi a ofis har na yi ritaya, hannuna bai san komai ba sai biro da kwamfuta. Abin da ya sa na riƙe zarto da furfurata shi ne ciwon da ya sami mahaifiyata. Shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taƙaita ta tashi, amma hannun dama ya tafi da rabin ƙarfinsa, murya kuma ta dishe, in tana magana sai ka kai kunne kusa da bakinta. Muka yi juyin duniya ta bar gona ta dawo wurin ɗayanmu, ta ce inda mijinta ya bar ta nan za ta zauna. Wanda ya san Inna ya san an gama magana. Sai ni na tattara na koma.

To amma zama tare da mutum a gona ba ya nufin kana kusa da shi. Ina can ƙarshen gona wajen ruwa ko wajen dabbobi, ita tana kan kujera a baranda, in wani abu ya same ta ba yadda zan sani. Mun saya mata waya mai manyan maɓallai. Yatsun hagu ba su saba ba, ido ya yi rauni, in ma ta dace ta kira ba a jin abin da take faɗa. Ƙanwata ta kawo usur, babu numfashin hurawa. Muna cikin wannan lissafi ita Innar da kanta ta yafito ni, ta ce, "Ina ƙararrawar babanku?"

Wannan ƙararrawa Baba, Allah ya jiƙansa, a gonar ya same ta lokacin da ya saya. Muna yara da ita ake kiran ma'aikata in rana ta take. Daga baya gindin sandar da take kai ya ruɓe, iska ta kayar da ita, aka ja ta aka jefa cikin sito. A can na tono ta, ƙarƙashin buhuna da tsofaffin ƙarafan garma, ta yi jajawur da tsatsa kamar ba ta taɓa yin ƙara ba.

Irin wannan ƙararrawa gaɓa biyar gare ta. Akwai jikin, akwai harshen da ke bugawa daga ciki, akwai karkiya, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ya haye kanta ya sauko gefe da gefe ya ƙare da kunnuwa biyu masu juyawa, akwai hannun da ake ɗaura wa igiya, sai kuma gwafar ƙarfe da kunnuwan ke zama a kanta. Komai yana nan lafiya sai gwafar: reshe ɗaya ya karye tun ranar faɗuwa. Na kai wa mai walda. Ya jujjuya ta, ya ce wannan ƙarfen zubi ne, gawayin da ke cikinsa yana da yawa, in aka ƙona wuri ɗaya ya huce da sauri sai ya tsage a gefen ɗinkin. Akan iya, in an gasa ƙarfen gaba ɗaya aka yi amfani da sandar walda ta musamman. "Zan liƙa maka in ka matsa, Alhaji," in ji shi, "amma ni ba zan zaunar da uwata kusa da ita ba." Da wannan maganar aka rufe babin gwafar ƙarfe. Sai ta katako.

Kafin in ɓata katako sai da na tabbatar jikin ƙararrawar bai tsage ba. Na rataye ta da igiya a reshen bishiya, na ɗan buga da guntun itace. Mai tsaga kan yi "ƙwas" ta yi shiru, wannan kuwa ta ja sauti duk da tsatsar. Sannan na bi tsohuwar dabarar makanikai: a shafa kananzir, a bar shi ya ratsa, a goge tas, a bi da garin alli. In akwai tsaga ko siririya ce, kananzir ɗin da ya ɓuya ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Babu layi ko ɗaya.

Tsatsar da wutar lantarki na cire ta. Na cika duron roba da ruwa, na zuba sodar wanki kamar babban cokali ɗaya ga kowace lita 4, na jera guntayen rodi a gefen duron, na tsoma ƙararrawar a tsakiya ba tare da ta taɓa su ba. Cajar batirin mota: baƙar waya a jikin ƙararrawa, jar waya a jikin rodi. In ka juya su, ƙararrawarka ce za ta cinye. A waje ake yin wannan, domin kumfar da ke tashi iska ce mai kama wuta. Ban taɓa tsohon fentin da samfefa a bushe ba, saboda fentin zamanin da sau da yawa akwai dalma a ciki, ƙurarsa kuma guba ce. A jiƙe na bi shi da burushin waya. Da baƙin dattin ya zube sai ga rubutu ya fito a jikin karkiya: C. S. BELL, da lamba 2. Kamfani ne da Charles S. Bell ya kafa a garin Hillsboro na jihar Ohayo ta Amurka a 1858, ya kuma yi suna wajen zuba ƙararrawar gona da ta makaranta. Manyan ƙararrawan majami'u da tagulla ake yi, kusan kashi 4 jan ƙarfe, kashi 1 kuza, shi ya sa suke da tsada kuma sautinsu ke daɗewa. Ta baƙin ƙarfe muryarta ta fi kaushi, amma manomi na iya saye. In kana son sanin wacce ke hannunka, kara mata maganaɗisu: ya kama, baƙin ƙarfe ce. Na shafa mata fenti shafi ɗaya siriri, don mai kauri yana danne sauti, ciki kuma mai kawai na shafa.

Akwai wani dattijo abokin Baba, tsohon kafinta da muke kira Baba kafinta, wanda hannunsa ke rawa yanzu ba ya iya riƙe guduma, amma ido da kai suna nan garau. Shi na ɗauko, na ajiye masa kujera a inuwa. Tun ina yaro ba ya kirana da sunana, yanzu kuma ya laƙaba mini Akanta.

"Akanta, nauyinta nawa?"

Na ce na ɗora a sikeli, da karkiya da komai kilo 27.

"Wannan nauyinta ne in tana barci. In ta farka fa?"

Duk aikin da muka yi daga nan amsar wannan tambayar ce. Abin da ke lilo ba nauyinsa kaɗai yake ɗora wa mazauninsa ba. Duk lokacin da ya ratsa tsakiya sai ya fizgo ƙasa, duk lokacin da ya yi gefe sai ya ja mazaunin ya bi shi, ya sake ja ta ɗaya gefen, haka dare da rana shekara da shekaru. A hasumiyoyin Ingila, inda ake kaɗa ƙararrawa ta yi cikakken juyi, masu gini kan ƙiyasta cewa fizgar ƙasa na kaiwa kusan ninki 4 na nauyinta, ta gefe kuma kusan ninki 2. Tamu ba za ta yi cikakken juyi ba, amma na ce da Baba kafinta mu yi gini kamar za ta yi. Ninki 4 na 27 shi ne 108. Nan dai aikin ofis ya yi rana.

Katakon ba mu saya ba. Tsohon siton da ƙararrawar ta kwana a ciki yana da wata doguwar azara ta iroko mai inci 6 ta kowane gefe, da wasu gajeru, sun shekara da yawa a ƙarƙashin rufi. Ni na so in sayo sabo mai kyan gani. Dattijon ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Dalilinsa kuwa ba na son tsohon abu ba ne kawai. Ɗanyen katako yana tsukewa in ya bushe, kuma ba daidai yake tsukewa ba: a tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi kuwa yana raguwa sosai. Ka ɗaure noti tam a ɗanyen katako, bayan 'yan watanni sai ka same shi yana kaɗawa. Kafintoci kan ce kowane inci ɗaya na kauri shekara guda yake so ya bushe a iska, ka ga ke nan mai inci 6 ba abin da za ka jira ba ne. Ya sa na fere farin gefen da ya rage, na bar jar zuciyar, domin zuciyar ce ke jure ruwa da gara. Duk inda ya ga ido ko tsaga sai ya sa alli ya ce kada haɗi ya faɗo nan. Iroko yana dakusar da kaifi, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi, don haka da ƙyalle a hanci na yi aikin. Tsofaffin ƙusoshin da suka nutse a ciki kuwa, maganaɗisun nan ne ya nuna mini su kafin zarto ya same su.

Tsarin da muka tsaya a kai shi ne gwafa ta katako a kan sanda ɗaya. Abu mafi sauƙi shi ne a gicciya katako ɗaya a kan sandar, a kafa tsayayyu biyu a kansa. Baba kafinta ya ƙi. Ya ɗaga hannu yana kwatanta lilon, ya ce ƙararrawa ba dama da hagu za ta yi ba, gaba da baya za ta yi, tsakanin tsayayyun nan biyu. Wato ƙarfin zai riƙa tura su ta inda ba su da madogara, har ramin da aka kafa su ya buɗe baki. Sai muka yi gicciye biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne inci 2 a kauri, inci 6 a faɗi, inci 34 a tsawo, suka matse kan sandar a tsakiya, suka matse tsayayyun biyu a gefe da gefe. Tsayayyun inci 4 ne ta kowane gefe. Don sandar ta daidaita da su, na yanke inci ɗaya daga gabanta, inci ɗaya daga bayanta, zurfin inci 6 daga sama. Wannan yankan ya bar kafaɗa biyu, a kansu gicciyen suka zauna. Nan ne na ji maganar da ta fi tsaya mini a rai a duk aikin: "Katako shi zai ɗauki katako. Noti aikinsa kawai ya hana su rabuwa."

Yankan kafaɗun nan ya ci mini yini. Na ja layi da sukwaya ta fuska huɗu, na bi layin da wuƙa don kada zarto ya yagi baki, na yanka zuwa zurfin inci ɗaya, sannan na yi ta tsaga ƙananan yanka kusa da juna har sama, na ɓalle su da cizal. Ga mai sana'a aikin rabin awa ne. Ni kuwa in na fere kaɗan sai in ɗora gicciyen in duba ta ƙarƙashi. Dattijon ya miƙo mini takardar sigari ta cikin aljihunsa, ko da yake ya daɗe da daina sha, ya ce in ta shige tsakanin kafaɗa da gicciye to ban gama ba. Ya koya mini in shafa alli a gindin gicciyen, in dangwala, inda allin ya kama a kafaɗa nan ne tudu, nan zan fere. Haka na yi ta yi, burbushin katako siriri yana naɗewa a bakin cizal, har takardar ta ƙi shiga ta ko'ina.

Ƙusa ba ta shiga wannan aiki ba ko ɗaya, don abin da ke jijjiga zare ƙusa yake yi a hankali. Noti muka sa mai kaurin rabin inci, irin wanda aka tsoma a tutiya don kada ya yi tsatsa, ya ratsa gicciyen gaba, da katakon da ke tsakiya, da gicciyen baya, da faffaɗar washa ta kowane gefe don kan notin kada ya nutse cikin katako. Kowane haɗi noti biyu, kuma ba a layi ɗaya ba, ɗaya sama ta hagu ɗaya ƙasa ta dama, domin huji biyu a kan jijiya ɗaya gayyatar tsaga ne. Daga huji zuwa bakin katako mun bar fiye da ninki 7 na kaurin notin, shi ya sa gicciyen suka zarce tsayayyun da inci 4 kowane gefe. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka ado ne. Sai tokari biyu da suka tashi a karkace daga jikin sandar suka shige tsakanin gicciyen, gindinsu yana zaune cikin ɗan gurbi da na fafe, ba a manne kawai ba.

Tsayin tsayayyun da kwali na auna shi. Na yanka kwali daidai siffar ƙararrawar har da kan harshen da ke leƙowa, na soka ƙusa a inda kunne yake, na juya shi gaba da baya na ga inda leɓen ya fi saukowa, na ƙara inci 2 na sarari. A saman kowane tsayayye na fafe gurbi, na kwantar da rabin guntun bututun ƙarfe a ciki, na cika da giris, don kunnen ƙarfe in yana juyawa a kan tsurar katako sai ya ci shi. A bisa gurbin kuma na ɗaure fallen ƙarfe da sukurori biyu. Ba don shi ba, fizga ɗaya mai ƙarfi na iya tsallako da kunnen waje. Na ƙara da 'yar sarƙa sako-sako daga karkiya zuwa gicciye, wadda ba ta ɗauke da komai sai ranar da wani abu ya saki. Duk kan katakon da ke kallon sama na fere shi a gangare, na shayar da shi mai har ya ƙoshi, domin ta bakin yanka ne katako ke shan ruwa. Tsummokaran da aka shafa man katako da su kada a dunƙule su a jefa lungu, suna iya zafafa su kama wuta da kansu. A ruwa na tsoma nawa.

Sandar ƙafa 12 ce, muka binne kashi ɗaya cikin uku. Na zuba tsakuwa a gindin ramin ta zauna a kai, kankare kuma ya kewaye ta ta gefe kawai, samansa a gangare. In ka rufe gindin sanda da kankare ta ƙasa, tukunya ka yi wa ruwa, kuma sanda daidai bakin ƙasa take ruɓewa, kamar yadda waccan ta farko ta yi. Na kafa ta nesa da baranda da hanyar wucewa, yadda ko mai jan igiya ba zai tsaya ƙarƙashinta ba.

Da kankaren ya kama, ban ɗora ƙararrawar ba tukuna. Na gitta rodi mai kauri a cikin gurabun, na rataya buhunan yashi har kilo 110. Kafin nan na ja layin fensir ya ratsa kowane haɗi, daga wannan katako zuwa wancan. Na yi ta tura buhunan suna lilo, na bar su suka kwana. Washegari na hau tsani na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya goce. Sannan mu uku muka ɗaga ƙararrawar da igiya muka zaunar da ita.

Ɗan ƙanwata, saurayi mai jini a jika, ya ɗauko guduma zai gwada ta daga waje. Na riƙe hannunsa. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Big Ben ma, babbar ƙararrawar agogon majalisar dokoki a Landan, mai fiye da tan 13, ta tagulla, a 1859 ta tsage saboda gudumar da aka sa mata ta yi nauyi, sai da aka ɗan juya ta aka sauya mata mara nauyi, kuma tsagar na nan har yau. Harshen da aka zuba ƙararrawa da shi, shi ne daidai da ita.

Saura abin da aka yi duk wannan dominsa. Na ɗaura igiya, na bi da ita ta kan fuli biyu har gefen kujerar Inna. Ta kama da hagu ta ja. Ƙararrawar ta ɗan karkata ta koma, harshe bai taɓa ba. Ta sake ja, haka. Na ga fuskarta ta canza, ta saki igiyar ta kau da kai. Dattijon ya ce a ƙara wa hannun tsawo. Na ɗaure masa fallen ƙarfe ya ninka tsawonsa, ƙarfin da ake buƙata ya ragu da rabi, sai dai jan ya ƙara nisa. Na kuma sa ɗan katako a inda hannun zai tsaya, don kada ƙararrawar ta kife baki sama ta tari ruwan sama. Sauran kuma ba na ƙarfi ba ne. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, kamar yadda kike tura mu a lilo muna yara. Ki ja kaɗan, ki saki, ki jira ta dawo, ki sake ja." Ta harare ni, irin hararar ni za ka koya wa. Ja na farko shiru, na biyu shiru, a na uku harshen ya sami leɓe. Ma'aikacin da ke can bakin ruwa ya ajiye abin da ke hannunsa ya taho da gudu, yana zaton wani abu ya faru.

Mun yi yarjejeniya: bugu kaɗan da tsayawa, tana son wani abu, ba gaggawa. Bugu ba ƙaƙƙautawa, a bar komai a zo. Ta fi amfani da na farkon, kuma ba kullum ne take da abin da take so ba in na iso. Ban taɓa nuna na gane ba.

Da rani ya tsananta na hau da sifana, kowane noti ya karɓi kusan rabin juyi, duk da tsufan katakon. Yanzu duk sauyin yanayi nakan hau in ɗaure, in ƙara giris, in duba layukan fensir. Igiyar leda ta farko tana yanka mata tafin hannu, na sauya da ta auduga mai kauri, na yi mata ƙulli uku inda za ta kama.

Ƙanwata ce ta hango abin da ni da dattijon ba mu hango ba. Ta zo ta tsaya tana kallon igiyar da ke reto daidai hannun kujera, ta ce, "Yaya, ranar da za ta fi buƙatar igiyar nan ai ba a kan kujera za ta kasance ba." A ranar na ƙara mata jela har ƙasa, na kuma ja wata ta cikin taga zuwa gefen gado, ita ma ta sauka har daɓe.